Kwalbar Tsohuwa

"Ba ni sa shi but ɗin mota, Ɗan'iya. Ko ka bar ni da shi bisa cinya, ko in sauka in jira wata mota."

Ɗan'iya direba ya dubi Ummulkulsum, ya dubi akwatin kwamfutar da ta naɗe da zanen gado ta rungume, sannan ya dubi buhunan albasar da 'yan lodi ke dannawa a bayan motar. Ya san ta, ya kuma san idan ta kafe ba a tanƙwara ta.

"Malama, wai mi ac ciki? Ƙwai?"

"Ya fi ƙwai."

Ya girgiza kai ya rufe ƙofa. Haka motar Kebbe ta bar tashar Tambuwal da hantsin Asabar, Ummu a takure jikin taga, akwati a cinya, allon kwamfutar a tsakanin ƙafafunta cikin kwali. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ɗaga akwatin sama da hannu biyu, har matar da ke kusa da ita ta gaji da kallo ta taya ta riƙe gefe ɗaya.

Ummu malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata. Wannan na'urar kuwa ba saye ta yi ba, haɗa ta ta yi da hannunta daga gawarwakin kwamfutoci uku da aka yar: fanka daga wannan, katin hoto daga waccan, wayoyi daga ta ukun. Ta ɗora mata Linux, domin ita ce manhajar da ba ta raina tsohon ƙarfe, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gyara abin da bai yi masa ba. A kanta take yin gem, wato wasan kwamfuta, idan ta gama aikin gida, irin mai dogon labari, wanda mutum ke zama matafiyi yana bin gari gari yana magana da mutane. Mijinta Dawuda ya yi tsiyar har ya gaji. Wai mace da 'ya'ya uku, ta rasa abin yi sai yawon duniya a zaune.

Yau ba don kanta ta ɗauko ta ba. Mako tara ke nan da ɓarin jikin mahaifinta, Malam Atiku Bube, ya shanye, ɓarin dama. Ƙafar ta fara dawowa, bakin ma ya saki, amma hannun yana nan kwance inda aka ajiye shi. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: idan ba a motsa hannun nan cikin watannin nan ba, zai sandare ke nan har abada. Ya ba su 'yar ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Malam Atiku ya karɓa da hagu, ya jefa ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne.

Abin da ya fi ci wa Ummu rai shi ne wane hannu ne wannan. Tun tana ƙarama take jin labarinsa. A zamanin da kuɗin mai suka ɓarke, ana gina ofisoshi a Sakkwato kamar ba gobe, mahaifinta ne ke buga tafireta a sakatariya, kuma takardar da duk ake son ta fita ba kuskure teburinsa ake kai ta. Yana bugu yana hira, ko kallon yatsunsa ba ya yi. Shi ne ya fara ɗora yatsunta a kan haruffa tana 'yar shekara bakwai. Yanzu ga shi ya juya wa hannun baya kamar ba nasa ba.

Sai ta yi dabara. Ta ɗauki fad ɗinta, wato abin da ake riƙewa da hannu biyu ana sarrafa gem, ta shafe mako uku tana gyara tsarinsa har ta kwaso duk aikin maɓallan dama ta mayar da su ɓangaren hagu. Tafiya da hagu, magana da hagu, buɗe ƙofa da hagu. Lissafinta shi ne labarin ya fara kama shi da hannun da ke da lafiya, in ya so daga baya ta riƙa sace maɓalli ɗaya ɗaya tana mayarwa dama. Ta yi alfahari da wannan dabara ƙwarai, har ta bayyana wa Dawuda ita sau biyu.

Inno, mahaifiyarta, ta tare ta a tsakar gida da tsintsiya a hannu.

"Lale, lale. Wanga kaya fa? Talabijin kika kawo muna?"

"Magani na, Inno."

"Magani da waya?" Inno ta taɓa kwalin da bakin tsintsiya. Sai ta rage murya. "Shina ciki. Yau ko furar bai sha ba sai da nit tsaya kainai. Ki bi shi sannu, kin san halin abinku."

Malam Atiku yana kishingiɗe a kan gado, fuska ga bango. Ya rame, gemun ya yi fari fat, hannun daman yana kan cinyarsa, yatsun sun ɗan lanƙwashe ciki. Ummu ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya tambayi yara da maigidanta. Ta ji hawaye na neman zuwa, sai ta tashi ta kama aiki. Ta jawo ƙaramin tebur gaban gado, ta jona wayoyi, ta ja ɗaya zuwa batirin sola da ke bayan ƙofa. Fankar ta yi ƙugi, farin rubutu ya zubo a kan baƙin allo, sannan hoto ya bayyana: wani ƙauye mai rijiya a tsakiya, da matafiyi tsaye da jaka a kafaɗa.

Duk abin nan yana kallonta ta gefen ido. Ta lura, ta yi kamar ba ta lura ba.

"Baba, ga shi. Labari na. Wanga mutum ƙanenai yab ɓace, shina bin gari gari shina nema. Kai za ka tafi da shi." Ta miƙa masa fad ɗin wajen hannun hagu. "Na gyara shi duka, ba ka buƙatar dama ko kaɗan. Komi da hagu za ka yi."

Ya dubi fad ɗin. Ya dube ta.

"Komi da hagu," ya maimaita a hankali. "Ke ma kin gama da shi ke nan."

"A'a, Baba, ba hakanan nika nufi ba..."

"Inno na ba ni abinci da cokali, in amsa da hagu. Mutane su zo gaisuwa, in ɓoye. Yanzu ke kin taho tun daga Tambuwal ki shaida man an yi ma hagu gida." Ya juya fuskarsa bango. "Ɗauke abinki, Ummu."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Mako uku tana zaune gaban allo tana ganin ta fi kowa wayo, ashe ta'aziyyar hannun ta shirya ta kawo masa. Ta zauna a tabarma, fad a cinya. Tattara kayan nan take ya yi mata nauyi, fita kuma ya fi. Don dai hannunta ya samu abin yi, sai ta fara tafiyar da matafiyin da kanta, ta rage sauti.

Ta zaga rijiya. Ta bi wani lungu. A ƙarshen lungun akwai ɗan gida mai jan rufi, ta san shi sarai, ta shiga cikinsa ya fi sau ashirin. Ta tura ƙofa ta shiga. Wata tsohuwa tana zaune bakin murhu tana juya tukunya. Ummu ta wuce ta, ta nufi akwatin da ke kusurwa, ta buɗe, ta ɗauke kwalbar maganin da ke ciki, ta juya ta fito. Haka kowa ke yi. An ajiye akwatunan ne don a buɗe.

"Tsaya."

Ta waiwaya. Malam Atiku ya juyo gaba ɗaya, har ya ɗaga kai daga matashi.

"Gidan wa kis shiga?"

"Baba, na wata tsohuwa na, ba kowa ba ta."

"Kin yi sallama?"

"Ba a... ba a yi, Baba. Shiga kawai aka yi."

"Ba a yi." Ya yunƙura da gwiwar hannun hagu har ya zauna sosai, abin da Inno ta ce sai an kama shi yake yi. "Kuma mi kiɗ ɗauko cikin akwatinta?"

"Magani na. Don in an ji ma matafiyin ciwo a hanya."

"Ta ba ki?"

Shekara fiye da goma Ummu tana wannan wasa, ba ta taɓa tambayar kanta haka ba.

"Tsohuwa na zaune ɗakinta, tana girkinta, kin faɗa mata ba sallama, kin buɗe mata akwati tana kallo, kin kwashe maganinta. In ciwo ya tashe ta fa? Inno! Inno, taho ki ga abin da ɗiyarki taka yi Tambuwal!"

Inno ta shigo da gudu-gudu, hannu duk gari, tana salati, ta ɗauka faɗuwa ya yi. Ta same shi zaune, ido a buɗe, yana nuna allo da yatsa. Ta dubi allon ba ta ga komai ba sai wani ɗan mutum tsaye a lungu.

"Sata ta yi," in ji shi. "Gaban idona."

"Baba, ba mutum ba ta! Zane na. An rubuta ta ne kawai."

"Ni ma takardu nika bugawa, kuma mutane na cikinsu. Mai da mata."

Dariya ta zo wa Ummu tare da kuka, ta danne su duka biyu. Rabon da ta ji ya yi magana mai tsawon wannan tun kafin ciwon. Inno ma ta gane, domin ta daina salatin ta jingina da ƙofa.

"To, Baba. Ana iya mai da wa. Sai an tsaya gabanta an danna maɓallin magana, sannan a ba ta." Ta juya matafiyin ta kai shi bakin ƙofar. "Bari in shiga."

"Ke? Da wace fuska?" Ya gyara zama. "In ɗiya ta yi ɓarna gidan mutane, ba ita ka komawa ita ɗai ba. Ubanta ka zuwa shi ba da haƙuri. Haka anka yi man, haka niy yi ma yayyenki. Kawo."

Ya miƙo hannun hagu, sai kuma ya tsaya da shi a iska. Ya janye shi a hankali ya mayar kan cinya. Ai ba a zuwa ba wa babba haƙuri a miƙa masa kayansa da hagu, kowa a ɗakin ya san wannan.

"Wancan gyara da kiy yi," ya ce, bai dube ta ba, "ana warware shi?"

"Ana warwarewa."

"Kwana nawa?"

"Yanzu, Baba."

Ta jawo kibod, abin buga haruffa. Aikin mako uku, layi ɗaya kawai ta taɓa a ciki: ta ɗauke magana daga hagu ta mayar da ita kan babban koren maɓallin da ke dama. Yana kallon yatsunta suna gudu a kan haruffa, har ya ce ƙaramin yatsanta har yanzu malalaci ne. Ta ce ta sani.

Ta hau bakin gadon ta zauna a gefensa na hagu. Ta ɗora fad ɗin a kan matashi a cinyarsa, ta riƙe ɓangaren hagu. Sannan ta kama hannunsa na dama. Ya yi sanyi, ya kuma yi nauyi fiye da yadda ta zata. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya ta zagaya su jikin fad ɗin, ta ɗora babban yatsan a kan koren maɓallin.

"Ni ka tafiya, kai ka magana," ta ce.

"Tsaya bakin ƙofa tukun." Ya gyara murya. "Salamu alaikum."

Inno ta amsa daga bakin ƙofa ba tare da ta sani ba, sannan ta rufe baki da gefen zane.

Ummu ta shigar da matafiyin ta tsayar da shi gaban murhu. Tsohuwar tana ta juya tukunyarta. Saura dannawa.

Malam Atiku ya zuba wa yatsan ido. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya riƙe numfashi har fuskarsa ta canza, ya sake shi, ya sake riƙewa. Yatsan bai san ana yi ba. Ya huta, ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a goshi ya gangaro cikin gemu. Aka kira azahar, aka kama shi ya yi salla a zaune, ya ci tuwo loma huɗu, ya ce a mayar masa da hannun inda yake.

Wajen ƙarfe uku Ummu ta kasa jurewa. Kibod ɗin yana gefenta a kan tebur, kuma akwai harafin da ke yin aikin koren maɓallin. Idan ta taɓa shi daidai lokacin da ya yunƙura, tsohuwar za ta ɗago kai ta yi magana, shi kuma zai ɗauka shi ne. Ƙarya ce ƙarama, kuma don Allah za ta yi ta. Ta saki hannunta ɗaya ya zame a hankali zuwa gefen tebur.

"Ɗauke hannunki daga nan."

Ko juyowa bai yi ba.

"Shekara talatin da fuɗu ina zaune gaban haruffa, Ummu. Ina jin yatsa in ya nufe su."

Ta janye hannun, kunya ta sake kama ta karo na biyu a yini ɗaya. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba."

"Yau dai ranar ba da haƙuri ta." Ya ɗan yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. "Riƙe naki gefe."

Ya sake yunƙurawa. A wannan karon Ummu ba allon take kallo ba, yatsan take kallo, shi ya sa ta gani. Ya motsa. Bai fi faɗin ƙwayar gero ba, ya ɗan zame a kan maɓallin ya tsaya. Maɓallin bai shiga ba, tsohuwar ba ta ɗago ba, amma ya motsa.

"Inno!" Muryarta ta fashe. "Inno, ya motsa!"

"Na gani," in ji Inno, wadda ashe ta baro madafa ta dawo bakin ƙofa tun ɗazu. Ta share ido da bayan hannu, garin ya shafe mata kunci.

Malam Atiku ya jingina da bango ya rufe ido, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ummu ta jira ya huce, sannan ta yi magana da sauri, don dabara ta sake zo mata.

"Baba, akwai wata hanya, kuma ba ƙarya ciki. Ga 'yar sandar nan ta dama jikin fad ɗin, ta fi maɓallin laushi. Ina iya mai da magana bisanta, in gyara ta yadda ko wanga motsi da kay yi yanzu ya isa. Yau ɗin nan sai ka mai da mata kwalbarta."

Ya buɗe ido ya dubi 'yar sandar, ya dubi koren maɓallin. Ta ga yana so. Ta ga yadda yake so.

"Kowa wanga koren shika dannawa?"

"I, Baba."

"To bar shi yadda shike." Ya mayar da ido kan allo. "Ita tsohuwar, tana tashi ta bar wurin?"

"Ba ta tashi. Ko shekara anka yi tana nan tana juya tukunya."

"Allah sarki. Ta fi ni haƙuri."

La'asar ta gabato, kuma motar ƙarshe ta Tambuwal ba ta jiran kowa. Da safe niyyar Ummu ita ce ta gwada, idan bai karɓa ba ta koma da kayanta. Yanzu ta naɗe zanen gadon shi kaɗai ta sa a jaka. Ta kira Inno ta nuna mata inda ake kunnawa, da inda ake kashewa, da cewa kada a zare waya fankar tana juyi. Ta ɗaura jan zare a jikin maɓallin kunnawa don kada a ɓata. Inno ta saurara da fuskar wadda ake koya wa tuƙin jirgi.

"Ni fa ban iya wanga abu ba, Ummu. In na kashe mutumen fa?"

"Ba shi mutuwa cikin gari, Inno. Riƙe nan kawai. Kar ki tura komi."

Ta durƙusa ta yi wa mahaifinta sallama, ta ce sai Asabar mai zuwa. Ya sa mata albarka, ya ce ta gaida maigidanta, ta kuma daina shiga gidajen mutane. Ta fito tsakar gida, ta sa takalmi ɗaya, sai ta tuna ba ta ce a rufe allon da ƙyalle saboda ƙura ba. Ta koma ta ɗaga labule.

Inno tana zaune a bakin gado inda Ummu ta tashi, ta ƙanƙame nata ɓangaren da ƙarfi har matafiyin ya bar gaban murhu yana ta tura goshi a bango. Malam Atiku bai kula ba. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman daga cinyarsa, shi da kansa, yana jera yatsun a jikin fad ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Sassauta, Inno, kina haɗa bawan Allah da gini," ya ce. Sannan ya dubi tsohuwar da ke cikin allo ya rage murya. "Ki ƙara haƙuri, baiwar Allah. Kayanki na nan wurinmu. In ba yau ba, gobe."

Ummu ta saki labulen, ta nemi ɗaya takalmin.